Asusu ɗaya, aljihu uku: yadda wani ɗan kasuwar hatsi a Sakkwato ya warware harajinsa da na kamfaninsa

Asalin lamarin, 2015 zuwa 2022

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan kasuwar hatsi ne a birnin Sakkwato, mai shekara hamsin da ɗoriya, kuma za a riƙa kiransa Alhaji kawai. Yana da rumfa a babbar kasuwa da sito a wajen Kara. Yakan sayo gero da dawa da wake daga kasuwannin Achida da Illela, shinkafa kuma daga yankin Wurno da Goronyo, ya sayar buhu-buhu ga masu awo da masu gidajen abinci. Yana kuma da shaguna biyu da ya ba da haya.

A 2015 ya yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC domin banki ya buɗe masa asusu da sunan rumfar. A watan Maris na 2021, wata biyu bayan gobarar da ta tashi a babbar kasuwa ta ci wani ɓangare na kayansa da tsofaffin littattafansa, ya samu damar kai abinci ga wata cibiya da ba ta hulɗa sai da kamfani. Saboda haka ya yi rajistar kamfani, ya sa kansa da babban ɗansa a matsayin daraktoci. A wajensa wannan ƙarin takarda ce kawai da ake nema kafin a ba da kwangila. A wajen doka kuwa an samu mai biyan haraji na biyu. Ribar sunan kasuwanci ribar mai shi ce, ana haɗa ta da sauran abin da yake samu, kamar kuɗin haya, ya biya harajin kuɗin shiga ga hukumar tattara kuɗaɗen shiga ta jihar da yake zaune, kuma wa'adin miƙa bayanansa shi ne 31 ga Maris na kowace shekara. Kamfani kuwa tsayuwarsa daban da ta mai shi, harajinsa na tarayya ne, a lokacin hukumar FIRS ce ke karɓa, kuma yana da wata shida bayan rufe lissafin shekara kafin ya miƙa nasa bayanan.

Alhaji bai miƙa ko ɗaya ba. Abin da ya sani a matsayin haraji shi ne kuɗin rumfa da tikitin kasuwa da abin da ake biya a hanya idan an ɗauko kaya, kuma waɗannan bai taɓa ƙin biyansu ba. Da zarar kuɗin kwangila sun shiga asusun kamfani, sai ya kwashe su zuwa asusunsa, daga nan ya sayi hatsi, ya yi cefane, ya biya kuɗin makaranta, ya taimaki wanda ya zo da lalura.

2023: shekarar da komai ya bi ta banki

Sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi daga Janairu zuwa Maris na 2023, daidai lokacin kakar albasa. Fataken da ke sayen albasa suna kaiwa Legas da Onitsha, waɗanda a da suke zuwa da kuɗi a jaka, suka koma neman amintaccen mutum mai asusu a cikin gari. Alhaji na cikin waɗanda aka aminta da su. Sukan turo masa kuɗi, shi kuma ya tura wa dillalai da masu POS na ƙauyuka su sallami manoma, a ba shi 'yar la'ada. Ko bayan tsabar kuɗi ta dawo, wannan hanya ba ta tsaya ba. Haka kuma 'yan uwa da ke aiki a Abuja da Fatakwal suna turo sautu ta hannunsa, ga kuɗin adashi, ga ajiyar wasu tsofaffi biyu masu niyyar aikin Hajji.

A watan Agusta aka rufe iyakar Illela bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, ga kuma tsadar mota da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu. Farashin buhu ya tashi, kuɗin da ke juyawa a hannunsa suka ƙaru ƙwarai, amma ribar da ke kan kowane buhu ba ta ƙaru haka ba. Zuwa ƙarshen shekara, jimillar abin da ya shiga asusunsa na kansa ya kai naira miliyan 214.

Fabrairu zuwa Maris 2024: takardar da aka sayo

A watan Fabrairu cibiyar da yake kai wa abinci ta sanar cewa duk mai son sabunta kwangila sai ya kawo takardar shaidar biyan haraji ta kamfani da ta daraktocinsa. Irin wannan takarda tana nuna shekaru ukun da suka gabata ne, wato a nan 2021 da 2022 da 2023.

Wani maƙwabcinsa a kasuwa ya haɗa shi da wani mutum da aka ce ya san kan ofisoshi. Mutumin bai tambayi littafi ko rasit ba, ya karɓi naira 350,000 da hoton takardar rajista, bayan kwana tara ya kawo takardu biyu masu hatimi da sa hannu. Da cibiyar ta duba lambobin da ke jiki, ba a same su a rumbun kowace hukuma ba. Aka mayar wa Alhaji takardunsa, aka ba wani kwangilar zangon, mutumin kuma ya daina ɗaukar waya.

Afrilu zuwa Yuni 2024: ƙoƙarin ɗansa da takardar ƙiyasi

Bayan Ƙaramar Sallah babban ɗansa, wanda ya yi difloma a fannin kasuwanci, ya ce zai bi hanyar da ta dace. Ya je ofishin harajin jiha, ya karɓi fom, ya cike shekaru uku. Da ya tambayi mahaifinsa nawa zai rubuta, sai Alhaji ya ce ya sa naira 600,000 a shekara, domin a tunaninsa ƙaramin adadi shi ne ƙaramin haraji. Aka nemi bayanan asusun banki a haɗa da fom ɗin, yaron ya ciro su ya miƙa ba tare da wani bayani ba.

Takarda ɗaya na cewa 600,000, ɗayar na nuna miliyan 214. Doka ta ba hukumar haraji damar yin ƙiyasi da kanta idan ba a miƙa bayani ba, ko kuma abin da aka miƙa bai gamsar ba. A ranar 10 ga Yuni aka kawo takardar ƙiyasi ta naira miliyan 9.8 na shekaru ukun. A jikinta an rubuta cewa wanda bai yarda ba yana da kwana 30 ya shigar da ƙorafi a rubuce. Mako ne na Babbar Sallah, kasuwar raguna ta ɗauke hankalin kowa, takardar ta kwana goma sha huɗu a cikin durowa.

24 ga Yuni zuwa 4 ga Yuli 2024: zama na farko da masanin haraji

Wani surukinsa ma'aikacin gwamnati ne ya kai shi ofishin wani akanta mai lasisin aikin haraji, mamba a cibiyar ƙwararrun masana haraji ta CITN. Kafin a fara magana kan kuɗin aiki, surukin ya nemi ganin takardar shaidarsa da lambar rajistarsa, shi kuma ya nuna ba tare da ɓacin rai ba.

Tambayar Alhaji ta farko ita ce: "Malam, nawa za ka iya sa su rage mini?"

Masanin ya ce: "Alhaji, ranka ya daɗe, ban san nawa ake binka ba tukuna, kai ma ba ka sani ba. Abin da zan iya yi shi ne in gano gaskiyar adadin, in kare shi da takarda. Idan ka ɓoye mini asusu ɗaya, ranar da aka gano shi aikina duka ya rushe."

Aka rubuta yarjejeniya mai shafi biyu. Ta fayyace aikin: harajin Alhaji na shekara uku, harajin kamfani na shekara uku, da wakiltarsa a gaban hukumomin biyu. Kuɗin aiki naira miliyan 1.2 ne, har da na akantan da zai binciki lissafin kamfani ya sa hannu, a biya kashi uku. An kuma rubuta cewa kowane kuɗin haraji Alhaji ne zai biya kai tsaye zuwa asusun gwamnati ta banki, a ba shi rasit da sunansa, ba za su bi ta hannun masanin ba. Game da takardun da aka sayo a Fabrairu, masanin ya gargaɗe shi kada ya sake nuna su ko'ina, domin amfani da takardar shaidar haraji ta jabu laifi ne mai zaman kansa.

Wa'adi biyu ne ke gabansu. Na kamfani shi ne 30 ga Yuni, saura kwana shida, na ƙorafi kuma yana cika wajen 10 ga Yuli. Masanin ya ce ba zai iya haɗa lissafin kamfani na gaskiya cikin kwana shida ba, kuma ba zai miƙa na ƙage don gudun tara ba. Tarar jinkiri abu ce da za a iya ɗauka, amma ƙiyasin da aka bari kwana 30 suka wuce ba a yi ƙorafi ba yakan tabbata ya zama bashi. Don haka ya sa ƙarfinsa kan ƙorafin, ya shigar da shi ranar 4 ga Yuli. Wasiƙar ta amsa cewa adadin da aka rubuta a fom ɗin farko ba daidai ba ne, ta bayyana dalilan da suka sa kuɗin da suka shiga asusu ba su ne kuɗin shigar mai asusun ba, ta nemi lokaci don kawo cikakken lissafi. Alhaji bai so a amsa kuskuren ba, sai da surukinsa ya sa baki.

Yuli zuwa Satumba 2024: sake gina lissafi

Wannan shi ne mafi tsawon aikin. Aka ciro bayanan asusu huɗu, domin ban da na kamfani da na rumfa da na Alhaji, akwai wani tsohon asusu da bai ambata ba sai a zama na uku, wanda masu haya ke biya a ciki. Wani ma'aikacin ofishin ya shigar da kowane layi a kwamfuta. Daga nan aka riƙa zama sau biyu a mako bayan la'asar, masanin da Alhaji da ɗansa da babban yaron rumfa, ana karanta suna da adadi, ana tambayar wannan wane ne, kuɗin mene ne.

Alhaji bai da littafin ciniki, amma ƙwaƙwalwarsa ta riƙe mutane. Da an ambaci suna zai ce wannan mai albasa ne daga Onitsha, wannan ƙanen matata ne, wannan bashin shinkafa ne ya biya. Masanin bai karɓi tuni kaɗai a matsayin hujja ba. Ga kuɗin albasa, ya bi sawun kowace shiga har ya ga fitarta zuwa dillali ko mai POS cikin kwana ɗaya ko biyu, aka haɗa da saƙonnin WhatsApp da ke wayar Alhaji. Ga rance, aka nemi wanda ya ba da shi ya rubuta takarda ya sa hannu. Ga asarar gobarar 2021, aka samo wasiƙa daga shugabannin layinsu na kasuwa da hotunan da ɗansa ya ɗauka a ranar.

Da aka gama tsefe naira miliyan 214 na 2023, ga yadda suka kasu. Miliyan 55 kuɗin kamfani ne da Alhaji ya kwaso. Miliyan 47 na fataken albasa ne da suka wuce ta hannunsa. Miliyan 12 sautu ne da adashi da ajiyar Hajji. Miliyan 9 juyi ne tsakanin asusunsa da asusunsa, miliyan 6 kuma rance. Abin da ya rage, miliyan 85, shi ne ainihin cinikin rumfa.

Daga ciniki zuwa riba akwai sauran tafiya, domin sai an san nawa aka sayi kayan, nawa suka rage a sito, nawa aka kashe a mota da dako da buhuna da maganin ƙwari. Hatsin ƙauye ba a sayensa da rasit. A nan ne wani abu ya fito da ba wanda ya yi zaton zai yi amfani. Kowace shekara a watan Sha'aban Alhaji yakan rufe sito yini guda, ya ƙirga buhunan da ke ciki, ya yi musu kuɗi, ya rubuta bashin da yake bi da wanda ake binsa, domin fitar da zakka. Wannan littafi yana gida, gobara ba ta taɓa shi ba, kuma babu wanda zai ce an rubuta shi don a yaudari hukuma, tunda mai shi ya rubuta shi ne tsakaninsa da Ubangijinsa. Ranar ƙirgen ba ta dace da 31 ga Disamba ba, amma masanin ya yi amfani da ita a matsayin turke, ya lissafa baya da abin da aka saya da abin da aka sayar, ya fitar da adadin kayan da ke sito a ƙarshen kowace shekara. Littafin direban da ke ɗauko masa kaya, wanda ke rubuta buhu nawa daga wace kasuwa domin lissafin kuɗin motarsa, ya cike sauran giɓin.

An yi saɓani sau biyu. Na farko kan zakka da sadaka da kuɗin makarantar yara, waɗanda Alhaji ya so a cire daga riba. Masanin ya ce abin da ake cirewa shi ne wanda aka kashe kacokan domin samar da ribar, waɗannan kuwa daga ribar ake fitar da su bayan ta samu. Na biyu ya fi zafi. Daga cikin miliyan 55 na kamfani, an iya nuna cewa miliyan 52 hatsin kwangila aka saya da su, miliyan 3 kuwa sun tafi a gyaran gida da auren 'ya. Masanin ya ce za a rubuta su a matsayin bashin da kamfani ke bin daraktansa.

Alhaji ya ce: "Kamfanin nan fa nawa ne, Malam. Ni na kafa shi da kuɗina, yau kuma ni yake bi bashi?"

Masanin ya ce: "Naka ne, Alhaji, amma aljihunsa daban. Ko dai ka mayar masa, ko a kira su albashi ko rabon riba, kowanne kuma da harajin da ke kansa."

Alhaji ya tashi bai ce komai ba, ya yi mako guda bai dawo ba. Da ya dawo ya ce a rubuta bashi, zai mayar.

Lissafin 2023 na kansa ya fito kamar haka: ribar rumfa miliyan 5.1, la'adar albasa naira 700,000, haya miliyan 1.2, jimilla miliyan 7. Dokar lokacin tana ba da rangwamen naira 200,000 da ƙarin kashi 20 cikin 100 na abin da aka samu, wato miliyan 1.6, saura miliyan 5.4. A lokacin harajin yana hawa mataki-mataki daga kashi 7 har zuwa kashi 24. Miliyan 3.2 na farko harajinsu naira 560,000 ne, sauran miliyan 2.2 a kan kashi 24 suka ba da 528,000, jimilla naira 1,088,000. Na 2022 ya kama 790,000, na 2021 kuma 610,000.

Oktoba 2024: bayanan kamfani

Cinikin kamfani ya fi sauƙin ganowa domin duka ta banki aka biya: miliyan 18 a 2021, miliyan 41 a 2022, miliyan 68 a 2023. A ƙarƙashin dokar kuɗi ta 2019, wadda ke aiki a lokacin, kamfanin da cinikinsa bai wuce miliyan 25 ba ba ya biyan harajin riba, ko da yake wajibi ne ya miƙa bayanansa, wanda ke tsakanin miliyan 25 da miliyan 100 kuma yana biyan kashi 20. Saboda haka 2021 babu haraji. Ribar 2022 miliyan 4.6 ce, harajinta 920,000. Ta 2023 miliyan 7.5, harajinta miliyan 1.5. Harajin ilimi, wanda ake ɗora wa ribar kamfani a lokacin, na shekarun biyu ya kama 340,000. Harajin VAT, wanda ake ɗorawa kan kayan da aka sayar, bai zama nauyi ba, domin hatsi na cikin kayan abinci na yau da kullum da aka keɓe.

Masanin ya lura cewa duk lokacin da aka biya kamfanin, kuɗin sukan zo da giɓin kashi 5 cikin 100. Alhaji ya ɗauka wani kaso ne da ake cirewa wanda ba a tambaya. Harajin da ake zaftarewa tun daga tushe ne: mai biyan kwangila ya cire, ya zuba wa hukuma da sunan ɗan kwangilar, ya zama kamar ajiya da za a cire daga harajinsa na ƙarshen shekara. A shekara uku an zaftare masa naira miliyan 6.35. Da aka buɗe shafin kamfanin a manhajar TaxPro Max ta hukumar FIRS, aka tarar da miliyan 4.1 a rubuce da sunansa. Sauran miliyan 2.25 ba su bayyana ba, wasu saboda Alhaji ya sa lambar harajinsa ta kansa a takardun neman biya maimakon ta kamfani, wasu kuma mai biyan bai kawo shaidar zubawa ba.

Miliyan 4.1 ɗin suka share harajin riba na miliyan 2.42 gaba ɗaya, aka bar miliyan 1.68 domin shekara mai zuwa. Abin da ya fita daga asusu a tsaba shi ne harajin ilimi da tarar jinkiri, wadda ake lissafawa wata-wata. A wannan watan aka biya bashin rahoton shekara-shekara na CAC, wanda shi ma ba a taɓa miƙawa ba. Takardar shaidar kamfani ta fito a watan Nuwamba.

Nuwamba 2024 zuwa Fabrairu 2025: daidaitawa da hukumar jiha

An yi zama biyu. Masanin ya je da fayil uku, ɗaya ga kowace shekara, kowane adadi da shafin da ke goyon bayansa. Jami'an suka karɓi mafi yawan bayanin. Suka ƙi karɓar wasu kuɗin albasa, kimanin miliyan 8 a 2023 da wasu ƙanana a sauran shekarun, waɗanda ba a iya nuna fitarsu ba, suka kuma rage abin da aka lissafa na asarar gobara. Masanin ya shaida wa Alhaji cewa akwai damar ɗaukaka ƙara zuwa kotun sauraron ƙararrakin haraji, amma a ganinsa jami'an na da hujja a waɗannan wurare, kuma kuɗin shari'a zai fi abin da ake jayayya a kai.

Aka tsaya a kan haraji naira miliyan 2.9, da tara da kuɗin ruwa 510,000, jimilla naira 3,410,000. Kuɗin ruwan ya dami Alhaji fiye da harajin kansa, ya ce shekara talatin yana gudun rancen banki saboda shi. Aka amince ya biya kashi uku, Disamba da Janairu da Fabrairu. Takardar shaidarsa ta fito a ƙarshen Fabrairun 2025, shekara guda cif bayan ranar da aka fara nemanta.

2025: tafiya a kan tsari

Daga Janairu kamfani ya fara biyan Alhaji albashin naira 250,000 a wata, ana cire harajin albashi a zuba wa jiha kafin ranar 10 ga wata mai bi. Hatsin kwangila daga asusun kamfani ake sayensa kai tsaye. Aka buga ƙananan takardun sayen kaya, duk wanda aka sayi hatsi a hannunsa a ƙauye a rubuta sunansa da lambar wayarsa da adadin buhu, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Ɗansa ke riƙe da littafin, yana kai shi ofishin masanin a makon farko na kowane wata. An miƙa bayanan Alhaji kafin 31 ga Maris, na kamfani kafin 30 ga Yuni, babu tara. Kason da ake zaftarewa kan sayar da kaya ya sauka zuwa kashi 2 daga farkon shekarar, abin da ya bar ƙarin jari a hannun kamfani. Kwangilar ta dawo a zangon Afrilu.

A ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sababbin dokokin haraji huɗu, aka tsayar da 1 ga Janairu 2026 a matsayin ranar fara aiki da sabon tsarin. A cikinsa naira 800,000 na farko babu haraji a kansu, an soke tsohon rangwamen nan na kashi 20, an kawo rangwamen kuɗin haya ga masu zaman haya, hukumar FIRS kuma ta koma NRS. Masanin ya kira Alhaji da ɗansa ya sake musu lissafi a kan sababbin matakan, tun kafin lokaci ya yi.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Ƙoƙarin farko ya faɗi ne domin takarda aka nema, ba a nemi biyan abin da takardar ke shaidawa ba, a zamanin da ake duba lamba a kwamfuta cikin minti ɗaya. Na biyu ya fi kusa da daidai, tunda yaron ofishin gaskiya ya je, amma ya haɗa adadin ƙarya da takardar banki ta gaskiya, kuma a ganina wannan ya fi rashin zuwa muni. Laifin ba na yaron ba ne, mahaifinsa ne ya faɗi adadin.

Masanin bai san kowa a ofis ba fiye da sanin aiki, kuma bai sa an yafe ko kwabo na abin da doka ta wajabta ba. Amfaninsa ya fito a wurare uku da nake ganin Alhaji da ɗansa ba za su iya kaiwa su kaɗai ba: ya san wane wa'adi ne ke kisa da wanda ake iya ɗaukar tararsa, ya raba kuɗin mutane da na kamfani da na Alhaji har kowanne ya tsaya da hujjarsa, sannan ya gane cewa giɓin kashi 5 haraji ne da aka riga aka biya. Wannan na ƙarshe shi ya fi tsaya mini a rai, domin shekara uku Alhaji yana ɓuya daga harajin da kamfaninsa ya riga ya biya har da rara.

Sai dai bai kamata a ba masanin dukan yabon ba. Da Alhaji ya ci gaba da ɓoye asusun haya, ko da bai dawo ba bayan maganar bashin miliyan 3, da aikin ya tsaya a nan. Kuma da babu littafin zakka da littafin direba, da ribar rumfa ta koma ƙiyasi, domin gwani ba ya ƙirƙiro shaida, tattara wadda ke akwai yake yi. Idan aka haɗa kuɗin aiki da tara da kuɗin ruwa da naira 350,000 na farko, abin da jinkiri ya ci ya haura miliyan 2, ban da ribar kwangilar shekara guda da ta wuce shi.

Abu biyu ba su warware ba. Miliyan 2.25 da aka zaftare har yanzu ba su shiga shafin kamfanin ba, an rubuta wasiƙa biyu ana jiran amsa. Sautu kuma bai daina shiga asusun Alhaji ba. An buɗe masa asusu na musamman domin kuɗin amana, amma fataken albasa tsohuwar lambar ce a wayoyinsu, kuma a kakar 2025 kaɗai ɗansa ya ƙirga shiga goma sha bakwai da sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya rubuta na wane ne.